Ciwon zuciyar jego da gwajin gado: abin da na tarar a asibitocin Legas

Na haihu ranar Laraba, 1 ga Nuwamban 2023, haihuwa ta uku, lafiya lau, a wani ƙaramin asibiti kusa da gidanmu a Agege. Inna ta iso daga Zariya kwana biyu kafin suna, da ƙullin kanwa da garin kunu da yajin jego, har da busasshen ganyen darbejiya, wai ba ta yarda da na Ikko ba. Ni malamar kimiyyar halittu ce a wata sakandare mai zaman kanta, maigidana kuma yana harkar shanu a Abbatuwa. Na kawo wannan ne don a san cewa da karatuna da komai na yi kwanaki ina lalube cikin duhu, balle wadda ba ta taɓa jin sunan ciwon ba.

A mako na uku na fara haki. Ɗakinmu a bene na ɗaya yake, amma sai na tsaya sau biyu kafin in kai ƙofa. Ƙafafuna suka kumbura har silifas ya ƙi shiga, in na danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Da dare ba na iya kwanciya miƙe, sai na jingina da filo uku, ga wani busasshen tari da ke tayar da ni kamar an shaƙe ni. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni don ban gasu ba, ta ƙara wa ruwan wanka wuta. Maigida ya je kemis aka ba shi maganin tari. Da abin ya ƙi, muka tafi wani asibitin kuɗi a unguwa, suka ɗibi jini, suka ce maleriya ce da taifot, suka kwantar da ni suka ɗaura mini ƙarin ruwa leda biyu. Naira 38,000 muka biya aka ƙara mini ciwo, domin zuciyar da ta kasa tura ruwan da ke jiki ita aka ƙara wa wani. Babu wanda ya ɗora abin sauraro a ƙirjina. A daren da aka sallame ni numfashi ya nemi gagara, ina zaune bakin gado ina kallon jaririyata ina tunanin wa zai riƙe ta.

Wani maƙwabci mai Keke Marwa ne ya kai mu asibitin gwamnati wajen ƙarfe biyu na dare. Likitan da ke aiki matashi ne, ya saurari bayana, ya dubi jijiyar wuyana, ya tambayi yaushe na haihu. Ya sa aka yi mini allurar fitar da ruwa, cikin awa biyu na yi fitsarin da ban taɓa yin irinsa ba, ƙirjina ya ɗan saki. Da safe aka ɗauki hoton ƙirji, ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna wa maigida yadda inuwar zuciya ta cinye fiye da rabin faɗin ƙirjin. Ya rubuta takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Mun kusa fita da ita haka nan, wata nas ta kira mu ta ce mu koma ofis a buga hatimi, in ba haka ba can za a maido mu. Allah ya saka mata. Ku riƙe wannan: takardar turawa sai da hatimi da sa hannu da kwanan wata, kuma a yi mata kwafi kafin a miƙa, don in ta shiga fayil ba za ku sake ganinta ba.

Asibitin koyarwa gari guda ne. Mun isa ƙarfe goma aka ce babu gado a sashen gaggawa, na zauna a keken marasa lafiya har bayan la'asar. Maigida shi ya sha yawo: wurin buɗe kati daban, wurin biyan kuɗi daban, wurin buga wa rasit hatimi daban, kantin magani a wani ginin. Kowane gwaji da takardarsa da layinsa. Inna na tsaye riƙe da jaririya, ana Yarbanci ana Turanci a kanta, ba ta jin ko ɗaya. Wanda zai raka mara lafiya irin wannan wuri ya zama mutum biyu ne, ɗaya ya tsaya da ita ɗaya ya yi ta zirga-zirga, kuma a tafi da tsabar kuɗi ban da kati, don sau biyu na'urar POS ta ƙi aiki. A ranar farko kaɗai, da kati da gwajin jini da na bugun zuciya da iskar numfashi da kuɗin ajiya na gado, abin ya tasam ma naira 120,000.

Kwana biyu bayan haka aka yi mini hoton zuciya da suke kira eko, wanda shi ne ya kamata a yi tun farko. Naira 35,000 a lokacin. Aka kwantar da ni ta gefen hagu, aka shafa wani mai mai sanyi a ƙasan nono, aka ɗora kan na'urar. Na juya ina leƙen allon. Na sha zana zuciya a allo ina koya wa ɗalibai cewa tana matsewa kamar dunƙulen hannu, amma tawa da na gani ta buɗe kamar tsohuwar salka, bangonta na ɗan motsi kamar mai jin kunya. Babbar likitar, wata Bayarbiya mai fara'a da ba ta ɓoye magana, ta ce zuciya mai lafiya takan tura sama da kashi 55 cikin ɗari na jinin da ke ɗakinta na hagu a kowane bugu, tawa kashi 28 take turawa. Ta rubuta haruffa huɗu a fayil, PPCM, wato raunin tsokar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Ni dai na raɗa masa ciwon zuciyar jego. Na yi kwana tara a kwance.

A cikin kwanakin nan ne maganar ta koma kan Inna. Wata nas ta ji labarin wankan jego da kunun kanwa ta riƙe baki, ta ce ai mu muka jawo wa kanmu. Maigida ya maimaita a waya, zance ya je Arewa ya dawo da ƙari, har aka ce wai Inna ta dafa 'yarta. Ba ta ce komai ba, amma ta daina cin abinci sosai, in na farka da dare sai in gan ta zaune a ƙasa tana jan carbi. Wani ƙaramin likita ɗan Katsina da ke sanin makamar aiki a sashen shi ya durƙusa gabanta ya yi mata bayani da Hausa. Ya ce, "Mama, wannan zargi tsoho ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ga ciwon ya yi yawa a wajenmu, kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, suka ɗora laifin a kan wanka da kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Amma binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan bai samu cewa su ne sanadi ba." Ya ƙara da cewa duk da haka kanwa gishiri ce, gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki, don haka zuciyar da ta riga ta raunana ba ta son ta, a daina ba ni. Inna ta gyaɗa kai, amma na san maganar ba ta shige ta ba.

Magunguna biyar aka sallame ni da su: na fitar da ruwa, na rage gudun zuciya, na sassauta jijiyoyin jini, na hana jini daskarewa, da wani da ke tsayar da ruwan nono, wanda likitar ta ce yana iya taimaka wa zuciya ta farfaɗo in raunin ya yi tsanani irin nawa. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mini ciwo. Yarinya ba ta yi arba'in ba aka koma madarar gwangwani, kuɗinta kuma kullum hawa yake. Ba kowace mai ciwon ake hana shayarwa ba, don haka kada wata ta yaye ɗanta don ta karanta wannan. Daga nan sai zuwa ganin likita duk mako biyu, daga baya duk wata. Ranar zuwa mukan bar gida da an sallame asuba, mu ajiye kati kafin bakwai, a kira ni wajen sha ɗaya ko sha biyu. Na koyi tafiya da robar ruwa mai awo, da littafin da nake rubuta nauyina kowace safiya, da duk kwalayen magani a leda, domin ba lallai ne likitan da ka gani wancan karon shi za ka sake gani ba.

A watan Janairun 2024 babbar likitar ta jawo farar takarda ta ce in lissafo mata dangina, na raye da na mace, da abin da ya kashe kowa. Tana zana da'ira wa mata, murabba'i wa maza. Na ce Baba ya rasu yana da shekara 52, ya yi fama da kumburi da haki, mu dai mun ce hawan jini ne. Inna da ke gefe na fassara mata tambayar, sai ta ce, "Ai Gwaggonku ma da jego ta tafi, wata biyu da haihuwa, ta kumbura kamar ba ita ba." Ban taɓa sani ba, ina yarinya aka yi. Likitar ta yi wa wurare biyun baƙi da biro, ta ce akwai gwajin ƙwayoyin gado da za a iya yi, amma jinin sai an tura ƙasar waje, kuma ta gaya mini tun a nan cewa sakamakon ba zai canza magungunan da nake sha ba. Amfaninsa na 'yan'uwana ne da 'ya'yana, da shawarar sake ɗaukar ciki. Ta rubuta sunan ƙwayar da ta fi zargi, TTN, a ƙasa ta rubuta "titin". Na karanta shi da Hausa na ce a raina titin ina kuma, na Oshodi ko na Ikeja? Ashe taitin ake faɗi. Da kunya na tuna mun taɓa wuce shi a layi ɗaya a jami'a.

Gwajin ya ci mu dala 350, a daidai lokacin da dala ta haura naira 1,500. Inshorar makarantarmu ta ce ba ya cikin abin da take biya. Maigida ya yi kwana biyu yana juya maganar, ya ce, "Malama, kuɗin nan fa ba magani za su saya ba." Na ce na sani, amma ina da ƙanwa da aka sa wa rana. Ya sayar da ɗan maraƙi ya cika. Wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ne ke karɓar jinin ya tura. Sun nemi takardar likita, da fom ɗin da ita za ta cike da hannunta, da zanen dangin nan, da sakamakon eko, da katin ɗan ƙasa, da takardar amincewa mai shafi uku da na sa wa hannu. A cikinta akwai wurin da ake tambaya ko kana so a gaya maka in an ci karo da wata cutar da ba ita ake nema ba, ku karanta wurin da kyau kafin ku zaɓa. Kuskure biyu muka yi. Na farko mun je ranar Juma'a, aka ɗibi jinin a 'yar kwalba mai shunayyen murfi, ashe masu ɗauka ba sa zuwa sai Litinin. Na biyu, an rubuta wani harafi na sunan mahaifina sau ɗaya a fom, sau biyu a jikin kwalba. Bayan kwana takwas aka kira mu wai an ƙi karɓa, sai an sake. Muka koma ranar Talata da sassafe, na tsaya a kan mai rubutun ina duba kowane harafi. Suka ce mako huɗu zuwa shida. Mako bakwai ya yi.

Jiran ya faɗo cikin azumi, ni kuma likita ta hana ni yi saboda magunguna. Gida shiru da rana, sai na ɗauki waya na shiga neman wannan taitin, musamman don wata magana da likitar ta yi mini a bakin ƙofa, cewa in na ga an rubuta canji a takardar kada in firgita, wannan ƙwayar kusan kowa yana da canji a cikinta. Ina so in san dalili. Dalilin shi ne girma. Taitin shi ne furotin mafi girma da aka sani a jikin mutum. Yawancin furotin ƙananan tubalan da ake kira amino asid 'yan ɗaruruwa ne ke haɗa su, shi kuwa yana kaiwa daga 27,000 zuwa wajen 35,000, gwargwadon tsokar da yake ciki. Ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 2, ɗaya daga cikin ƙullayen da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, a yanke take gaɓa 363. Wani Bajapane, Koscak Maruyama, ya fara ware shi a 1976 ya kira shi konektin, sannan Kuan Wang da abokan aikinsa a Amurka suka sa masa taitin a 1979, daga sunan ƙattin tatsuniyoyin Girka. A cikin tsoka, wasu furotin biyu, aktin da mayosin, su ne ke jan juna a samu motsi. Taitin shi ne igiyar da ke riƙe mayosin a tsakiya, kuma shi ne robar da ke maido da tsoka in an miƙe ta. Duk lokacin da zuciya ta cika da jini ta buɗe, shi ake ja.

Wata rana na roƙi maigida ya kawo mini zuciyar sa ɗanya daga Abbatuwa, kada a tsaga. Bayan an sha ruwa na ɗora ta a faranti na raba ta da wuƙa, na nuna masa bangon hagu mai kauri kamar tafin hannu da na dama siriri. Na yanko 'yar tsoka na ja ta tsakanin yatsuna, ta miƙe, na saki ta koma. Na ce masa wani ɓangare na wannan komawar aikin abin da aka tafi dubawa a jinina ne, kuma an ƙiyasta babban mutum yana ɗauke da kusan rabin kilo nasa. Ya yi dariya ya ce shekara ashirin yana sayar wa masu tsire da shi bai taɓa sa masa kuɗi daban ba. Inna ta karɓe farantin ta ce in mun gama wasa da abinci za ta yi farfesu.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne yadda abu ya kai wannan tsawo. Da Siegfried Labeit da Bernhard Kolmerer suka fitar da jerinsa a 1995, an ga ashe ba wani dogon abu ne mai sabon salo daga farko har ƙarshe ba. Carbi ne. 'Ya'yansa sun haura ɗari biyu, kowane ɗa amino asid wajen ɗari, kuma kusan duka iri biyu ne kacal. Iri ɗaya shi ne irin ƙullin da ke jikin furotin ɗin garkuwar jiki masu yaƙar cuta, ɗayan kuma an fara ganinsa a wani furotin mai suna fibronektin. A sashen da ke kwance jikin mayosin, 'ya'yan sun jeru cikin tsari, rukunin goma sha ɗaya da aka maimaita sau goma sha ɗaya, kamar yadda carbi ke da alama bayan kowace talatin da uku, kuma tsawon kowane rukuni ya yi daidai da tazarar nanomita 43 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) da ke maimaituwa a jikin mayosin ɗin. Masu bincike sun kwatanta 'ya'yan da juna suka ga na uku a wannan rukuni ya fi kama da na uku a rukuni na gaba fiye da maƙwabcinsa na kusa. Wannan ita ce shaidar cewa ta hanyar kwafi ya tsawaita: guntun ƙwayar gado ya ninku, daga baya rukuni guda ya ninku gaba ɗaya, aka yi ta haka cikin zamani mai tsawo.

Kuma yana da dangi a jikin halittun da ba ka zato. Akwai wata tsutsa mai tsawon milimita ɗaya da masana ke yawan bincike a kanta. In wata ƙwayar gadonta ta lalace sai jikinta ya yi ta karkarwa, da Guy Benian da abokansa suka bi diddigi a 1989 suka tarar da ƙaton furotin da aka gina da waɗannan 'ya'yan carbi iri biyu, suka kira shi tuwicin saboda karkarwar. Irinsa ne ke taimaka wa halittar ruwan nan mai ƙwarya biyu ta dantse bakinta na awoyi ba ta gaji ba. Ƙuda yana da nasa furotin biyu, furojektin da salimus, su biyu suka raba aikin da taitin ke yi shi kaɗai a jikinmu. Su ba kakannin taitin ba ne, 'yan'uwansa ne da aka rabu da su sama da shekara miliyan 500, kowa ya jera nasa carbin yadda tsokarsa ke bukata. Jelifish kuwa, mai kama da lema a teku, tana da tsoka mai zane irin tamu amma wani bincike na 2012 ya nuna ba ta da taitin, abin da ya sa ake ganin tata tsokar ta wata hanya daban ta samu. Na san yadda wasu ke ji in an ambaci juyin halitta, ina ganinsa a fuskar iyayen ɗalibaina. Ni dai na karanta ina tasbihi, kuma na samu amsar tambayata: abin da aka gina da maimaici har ya kai wannan tsawo, ɗa ɗaya ya ɗan sauya kama ba ya tsinka carbi, shi ya sa canje-canje suka yi yawa a cikinsa kuma yawancinsu ba sa komai.

Sanin wannan bai hana ni kuka ba ranar da sakamakon ya shigo wayata, a goman ƙarshe na azumi, da ƙarfe sha ɗaya na dare. Shafi shida na Turanci, da canji uku a TTN. Na ƙirga su cuta uku. Ranar ganin likita kuma sai bayan Sallah, na yi kwana goma sha biyu ina karanta shafi ɗaya. Da zan sake, zan ce a tura wa likita ita kaɗai, ko in sa ranar ganinta kafin in buɗe. Da muka zauna ta ja layi a kan biyu ta ce in manta da su, harafi ne ya sauya, ba a san ma'anarsu ba, kuma mu baƙaƙen fata mun fi samun irin wannan amsa domin yawancin jinin da ake kwatantawa da shi na Turawa ne. Na ukun ta kewaye shi. Shi umarnin tsayawa ne a tsakiyar hanya, carbin ya yanke kafin ya kai ƙarshe, kuma a sashen nan na jikin mayosin, inda yankewa ta fi yin illa. Kowa kwafi biyu yake da shi, na uwa da na uba, nawa ɗaya lafiya lau ɗaya guntu. Da guda ɗayan na yi shekara talatin da huɗu da haihuwa biyu ban san komai ba, sai da ciki na uku, wanda kamar kowane ciki yake ƙara yawan jini da kusan rabi, ya ɗora wa zuciyar kayan da ta kasa. Ta ce wani bincike na 2016 a kan mata 172 masu ciwona ya samu irin wannan yankewa a kusan ɗaya cikin goma, kuma akwai masu ɗauke da ita da suke tsufa ba su yi ciwo ba. Kowane ɗa nawa, da kowane wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, rabi da rabi ne.

Na kira Inna, wadda ta riga ta koma Zariya, na yi mata bayani da carbin. Na ce alamu sun nuna ta wajen Baba abin ya biyo, ga shi ga Gwaggo. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. To ashe ba kununa ba ne." Sai ta tambayi ko yarinya ta fara zama.

Eko na wata shida ya nuna kashi 44, na shekara ɗaya kashi 52. Likitar ta ce in ci gaba da magani ko da na ji garau, domin masu irin gadona in sun daina yakan dawo. Maganar wani ciki an ajiye ta, an sa mini abin tazarar haihuwa wanda ba ya taɓa zuciya, kuma ta nemi maigida ya shigo ta gaya masa da bakinta, abin da ya sauƙaƙa mini da dangin miji. Da za a tambaye ni inda kuɗi ya fi amfani a duk tafiyar nan, zan ce naira 35,000 na eko. Mai jego da ke haki, ba ta iya kwanciya miƙe, ƙafa ta kumbura, a wuce kemis a wuce masu cewa taifot, a nemi inda ake hoton zuciya, kuma kada a yarda a ɗaura mata ruwa kafin a saurari ƙirjinta. Gwajin gado na wanda ke da hali ne kuma akwai tarihi a gidansu, wanda ba shi da hali ya zauna da tsofaffin gida ya tambayi me ya kashe wane da wance, wannan kyauta ne kuma shi ya fara nuna wa likitata hanya. In an samu canjin a mutum ɗaya, gwada sauran dangi ya fi araha don wuri ɗaya za a duba, in ma ba a yi ba eko lokaci-lokaci yana wadatarwa.

Ƙanwata ta yi nata eko a Zariya kafin biki, lafiya lau, kuma ta kai kwafin takardata an sa a fayil ɗinta na awo yanzu da take da ciki, za a sake dubawa kafin ta haihu da kuma bayan ta haihu. Yarana likita ta ce a bari su ƙara girma. Yaya kuwa har yau bai je ba, wai shi ba ya neman ciwo da kuɗinsa. Na tura masa kuɗin hoton sau biyu. Na farko ya sayi taki da su, na biyu ya ce sai bayan girbi.